Jemagun Gidan Kakanka

Kai ne, Abdulmohsen. Kai ka kwantar min da ɗa, kada ka ce min jemage ne.

Jemage bai aiki kowa ba. Kai ka aiki ɗana Hashim, direbanka na shekara tara, ya share tsohon gidan kakanka na unguwar Balad da aka rufe tun kana goye. Ka miƙa masa tsintsiya da buhu. Ko ƙyallen rufe hanci babu. Ya dawo mana unguwarmu Ammariyya kansa duk kashin jemagu, yana dariya.

"Ummi, sun fi dubu! Su ko iƙama, takardar zama, ba a tambayarsu."

Kwana biyar sai zazzaɓi, sai tari. Na ce asibiti. Ya kira ka a gabana, da kunnena na ji ka: "Iƙamarka ta mutu. Kana zuwa za su kwashe ka sai Najeriya. Sha magani a gida, halas."

Wa ya bar ta ta mutu, in ba kai kafilinsa, mai tsaya masa, ba? Yaron da aka haifa a Jidda ka tsorata da ƙasar da bai taɓa gani ba. Kwana huɗu ina ɗura masa zamzam da habbatus sauda, har leɓensa ya yi baƙi. Maƙwabciyata Khairiyya ce ta kira motar asibiti. Aka ɗauke shi ba wanda ya nemi takarda.

Yanzu inji ke masa numfashi. Likitarsa, Rim, ta zaunar da ni kamar innarta.

"Khala, ya taɓa raƙumi? Jemage fa?"

"Jemage kam har cikin hancinsa."

"Dangin korona ce, amma ba mu gane wace iri ba tukuna, tana sauya kama. Dole mu ga gidan, mu san wa ya shiga."

Na ba ta lambarka. Ka ce mata ba ka da gida a Balad.

Jiya na je gidan da ƙafata. Wa na tarar a ciki? Lado, mai ba furanninka ruwa, yana shara da tsintsiyar nan, yana tari. Na fizge ta na koro shi waje.

Ban yi makaranta ba, amma na san hanyar gidanka na Abhur. Ga ni a ƙofarka da tsintsiyarka. Ɗauko makullin gidan, yalla, mu je gaban Rim. Ka faɗa mata gidan na wane ne, da mutum nawa ka tura ciki. Sannan ka juyo ka amsa min: don me ka ce wa ɗana ya zauna a gida?