Sunan Baban Ikilima

Shekara goma sha shida da aure, Mansura ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi sunan mijinta ba. Haka ta taso ta ga uwarta na yi. In ta kama dole sai ta ce Baban Ikilima, ita ma Ikilimar don auta ce. Shi kuwa Ghali bai taɓa ganin laifin hakan ba, sai da wannan alkunya ta nemi ta raba su da gida.

A ƙasar Larabawa suke zaune, a unguwar Al-Shifa, ɗaki da falo. Shi direba ne, ita kuma tana girki a wani gida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Tun da aka ɗora wa baƙi kuɗi a kan iyalansu, kafilin Ghali, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya faɗa masa gaskiya: baɗi ba lallai a sabunta iƙama, takardar izinin zamansu, ba. In an koma Kano kuma, ba inda za su sauka sai ɗakin soro a gidan yayansa. Ranar da Mansura ta ji haka ko abinci ba ta iya ci ba.

Sai ga wani kamfanin gidaje a Kano da tsarin tarayya. Ku biya kashi ɗaya cikin uku, kamfani ya riƙe sauran, kuna biyan hayar rabonsa kuna saye kaɗan-kaɗan har gida ya zama naku. Albashin Ghali shi kaɗai bai isa ba, sai da aka haɗa da nata, don haka sunanta ya shiga takarda. Sun cike komai, sun aika. Saura abu ɗaya: a kira matar ta waya a ga fuskarta, a naɗi muryarta tana cewa ta yarda, ta kuma faɗi cikakken sunan wanda za su yi tarayya. Kamfanin ya taɓa shan wuya a hannun mazan da ke sa hannu a madadin matansu, shi ya sa.

Kiran farko ya tafi lami lafiya har zuwa wannan gaɓa.

"Hajiya, da wa za ku mallaki gidan?" in ji Malama Alheri, ma'aikaciyar kamfanin.

"Da Baban Ikilima."

"Cikakken sunansa nake so."

Mansura ta sunkuyar da kai. Ghali na gefe yana zare mata ido, yana motsa leɓe kamar mai koya wa yaro karatu, amma ina! Suna biyu ne fa: nasa, da na mahaifinsa Badamasi, surukinta, wanda ko yana kabari ba ta iya ambatarsa.

"Na gane, wallahi," in ji Malama Alheri. "Kakata ma haka take. Amma in babu sunan, manyana za su ce tilasta miki aka yi. Zan sake kira ranar Juma'a bayan la'asar. Gida ɗaya ya rage a layin, kuma akwai masu jira."

Kwana huɗun nan Mansura ba ta san inda kanta yake ba. Ta zuba gishiri sau biyu a shinkafar uwar ɗakinta, ta sha faɗa da Larabci. Tana yanka albasa tana gwadawa. Sunan zai taso har maƙogwaro, sai ya tsaya cak. Ta roƙi Ghali ya tambaya ko za ta rubuta a takarda ta ɗaga. Aka ce murya ake so.

"Haba Mansura, suna ne fa, ba zagi ba," ya ce. "A wurin aiki abokin aikina Bangali ma kira na yake gatsal."

"Shi ba aurenka yake ba."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta ga yadda yake duba hoton gidan a waya, ƙofa kore da ɗan fili da ya ce zai dasa mata zogale. Tsoro ya kama ta sosai. Shekarun da ta yi a gaban murhun wasu, da shekarunsa a bayan sitiyari, a ce duk su tafi a banza saboda bakinta?

Ranar Juma'a suka aika yara gidan maƙwabta. Ghali ya jingina wayar da kwalin shayi a kan tabarma. Mansura ta gyara mayafi, ta zauna a gaban wayar. Da wayar ta yi ƙara, sai ya dube ta, ya ɗauki takalmansa, ya fita ya ja ƙofa. Ba ta taɓa zaton zai yi wannan tunanin ba, har ƙwalla ta taru mata.

Ta faɗi sunanta. Ta ce ta yarda, ba wanda ya tilasta mata.

"Da wa za ku mallaki gidan?"

Ta runtse ido, ta faɗa a hankali, kamar mai tsoron ta da jariri.

Fuskar Malama Alheri ta daskare a wayar, sannan ta dawo. "Hajiya, yi haƙuri, layi ya katse, ban ji ba. Ɗaga murya."

Wannan wace irin jarabawa ce? Mansura ta dubi ƙofa. Ta tuna ɗakin soron nan, da 'ya'yanta mata a ciki, baƙi na wucewa ta kansu. Ta cika ƙirji da iska.

"Ghali Badamasi!"

Ashe bawan Allah bai yi nisa ba, yana nan jingine da ƙofar, takalma a hannu. Kafin ya ankara baki ya riga shi.

"Na'am."

"An naɗa, Hajiya. Allah ya sa albarka," in ji Malama Alheri, tana danne dariya.

Mansura ta ja mayafi ta rufe fuska. Ghali ya turo ƙofa, ya tsaya ya kasa shigowa, idonsa jawur.

"Da ma haka yake a bakinki?" ya ce.

"Ka riƙe shi da kyau," ta ce daga cikin mayafin. "Ba za ka sake ji ba sai an gina bene."