Fitilar da Murja ta Dirje

Yaya Maharazu injiniya ne, amma babu abin da yake so kamar tsoffin fitilun titi, irin na gas da aka daina kunnawa tun da daɗewa. Yakan sayo su a lalace, ya jibge a garejinsa a unguwar Levenshulme, can ƙasar Turawa, ya yi ta gyara. Matarsa, Anti Ramlat, takan ce ya mayar mata da gida kasuwar 'yan gwangwan.

Murja ƙanwar Anti Ramlat ce. Daga Kano aka kawo ta raino, karatunta bai wuce firamare ba. In baƙi suka cika falo suna zuba Turanci, sai ta sulale kicin. A garejin nan kaɗai take sakewa. Ita ke riƙe gilashi, ita ke kwance notin da ya ci tsatsa, kuma hannunta ba ya rawa.

Wata ranar Lahadi Yaya ya ce, "Murja, akwai wani dattijo a Birmingham, Mista Jedidiah. Shi ya koya min aikin nan. Idonsa ya fara rauni, yana neman mai taya shi, shi kuma ya koya masa yankan gilashi. Na yi masa maganarki."

"Ni, Yaya?"

"A'a, ni! Ranar Asabar za mu kai masa waccan fitilar ya sa mata gilashi, ya gan ki. In ya yarda, sai ki zauna can a unguwar Lozells, gidan Zuhra, ƙawar antinki."

Anti Ramlat ta leƙo daga ƙofa. "Wannan kurmar za ta koyi sana'a a wurin mai Turanci? Allah ya sa ta iya gaishe shi."

Fitilar ta tagulla ce, ta kai ƙugun Murja tsawo, jikinta duk ya yi kore shar. Aiki ya kai Yaya wani gari a satin. Da zai tafi ya ce ta kaɗe mata ƙura kawai, ta naɗe ta a bargo.

Murja ta kaɗe ƙura, kore yana nan. Ta tsaya tana kallo. A gidansu ko ruwa ba a kai wa baƙo a kwano mai dauɗa. Tasar tagullar Inna kuwa da tsamiya da toka ake dirje ta, sai ka ga fuskarka a ciki. Ta yaya za ta je gaban malami ranar farko ɗauke da wannan ƙazanta? Ai sai ya ce ita ce ƙazamar.

Ta sayo tsamiya a wani shago a Stockport Road. Toka babu, ta sa gishiri da soson ƙarfe. In yara sun tafi makaranta ta shiga gareji, har yatsunta suka tsage. Fitila ta fito ja jawur tana ƙyalli. Ta naɗe ta, ba ta gaya wa kowa ba, so take su gani tare.

Ranar Asabar ita da Yaya suka tafi Birmingham. Shagon Mista Jedidiah ɗan ƙarami ne, a bayan wani layi a Lozells, yana warin fenti. Dattijon ya warware bargon da kansa. Da ya ga fitilar sai ya jawo kujera ya zauna.

"Innalillahi!" in ji Yaya. "Murja, me kika yi?"

"Wanke ta na yi, Yaya."

"Wa ya sa ki? Koren nan shekara ɗari ya yi yana taruwa. Shi ake nema! Ba ya dawowa, kin gane? Yanzu kamar jiya aka ƙero ta a China."

"Ba ka faɗa min ba."

"Sai na faɗa miki? Ƙura na ce!"

Ya juya wurin dattijon yana wata 'yar dariyar kunya, yana Turanci da sauri. Murja ba ta kama duka ba, amma ta ji "house girl", ta ji ya maimaita.

Mista Jedidiah ya kalli yatsunta, ya tambaye ta a hankali da me ta goge. Ta gane tambayar sarai. Tana haɗa amsar a ranta Yaya ya riga ta.

"Ba ta jin Turanci," ya ce masa, ya kuma ce da ita, "Jeki jira ni a mota."

Da ya fito bai dube ta ba. Da suka hau babban titi ya kira Anti Ramlat a waya, muryarta ta cika motar.

"Ya aka yi? Ya karɓe ta?"

"Ki ce wa Zuhra kada ta gyara ɗakin."

"Ya ƙi ke nan?"

"Ban ma tambaye shi ba. Da wane ido? Kuma daga yau kada ta sake shiga min gareji."

"Ai gara," in ji Anti Ramlat. "Da ma ban san wa zai riƙe min yaran ba. Murja, kina jina? In kun iso akwai wanki a inji."

"To, Anti," in ji Murja.