Kande ta Ƙarshe a Ogbete

Ranar da Zuwaira ta tare a Enugu, ta zo da abin da babu amaryar da ta taɓa kawowa unguwar Hausawa: kyanwa cikin kwando, an lulluɓe da zani. Tun daga Haɗejia take kuka a kan buhunan wake, direba yana tsine mata. Ango Na'Allah ya ji kunya ƙwarai, musamman a gaban Mama Obiageli, mai sayar da manja kusa da rumfarsa a kasuwar Ogbete, wadda ta tofar da yawu ta ce ita ba ta zama da dabbar da idonta ke ci kamar fitila.

Zuwaira ta sa wa kyanwar Kande, sunan wata gwaggonta, wai duk su biyun ba sa gode wa abinci. Jelarta a lanƙwashe take daga ƙarshe kamar ƙugiya, 'ya'yanta kuma suka gaji jelar da sunan. Ɓeraye suka daina ɓarna a rumfar wake, Na'Allah ya riƙa karɓar yabo kamar shi ke kama su. Duk haihuwa sai ya ajiye mace ɗaya, sauran ya cusa wa direbobin Onitsha da Fatakwal, waɗanda suka rage ya zuba a kwali ya ajiye bayan rumfuna. Wannan shi yake kira sadaka.

Yanzu Zuwaira ta daɗe da rasuwa, gemunsa ya yi fari, abin da ya rage masa na kwandon nan Kande guda ce, ba ta da magajiya. Don haka da ya ga cikinta ya tasa, har liman Malam Ma'aruf sai da ya yi wa albishir.

'Yarsa Mansura, haifaffiyar Enugu, ta durƙusa ta duba. "Baba, wannan ba ciki ba ne. Ba ta cin komai sai ruwa, ga wari tana yi."

"Ke kin taɓa haihuwa ne? Uwarki ma da cikinki ruwa kawai take sha." Ya zaro ƙwayar ciwon kai daga aljihu zai daka mata.

Ta fizge. "Wannan kashe kyanwa yake yi, Baba! Abeg, tashi mu je asibiti."

A keke Napep suka tafi, Kande cikin kwandon albasa, kamar yadda kakarta ta farko ta shigo gari. Likitar dabbobi ta taɓa, ta haska, ta ce mahaifar ce ta cika da mugunya. Ko a cire ta yau, ko kyanwar ta mutu.

Na'Allah ya gyara hula. "Ba za a bari ta haihu sau ɗaya ba tukuna? Ko ɗiya guda?"

"Papa, nothing dey inside to born," in ji likita, wato babu abin haifa a cikin.

Ya fita baranda ya kira liman, ya tsara tambayar yadda amsar za ta fito haramun: ya halatta mutum ya yanke zuriyar halittar Allah?

"Alhaji, ceton rai ne wannan," in ji Malam Ma'aruf. "Kai dai so kake in hana, in ta mutu ka ce malamai ne. Nemi wani limamin."

Ya daɗe tsaye da waya a hannu. Ya tuna Zuwaira tana ɓare wa Kande busasshen kifi a tasa, tana zare ƙaya ɗaya ɗaya, shi kuma yana zaune tuwonsa na hucewa. In ya yi ƙorafi sai ta ce, "Kai kana da baki, ita fa?" A duk shekarun nan bai taɓa jin ta yi maganar zuriya ba. Shi ne mai lissafin jela, ita kifi take ɓarewa.

Ya leƙa ciki. "A cire."

Kande ta dawo gida da askakken ciki da wani abin roba a wuya mai kama da mazurari, tana kallon kowa kamar an ci amanarta. Da ya koma kasuwa, ya je wajen Mama Obiageli neman kwalin da za a shimfiɗa mata. Matar ta sunkuya ta jawo ɗaya daga ƙarƙashin tebur, sai ga wata ƙosasshiyar kyanwa ta fito tana miƙa, jelarta a lanƙwashe kamar ƙugiya.

"Na rat matter, Alhaji, no look me so," in ji ta, wai saboda ɓeraye ne kawai. Ta ce a cikin kwali ta tsinci uwar kyanwar tuntuni, a bayan rumfuna.

"Yaya sunanta?"

"Blessing."

"Sunanta Kande."

"For your house," in ji ta, wato sai dai a gidansa.

Ya buɗe baki zai roƙi ɗiya guda in ta haihu, sai ya ji kansa yana tambaya ko an taɓa yi mata allurar rigakafi. Ba a taɓa ba. Ya ce Mansura ta san hanyar asibiti.

Da yamma aka ajiye masa tuwo. Ya jawo tsohuwar tasar Zuwaira ya shiga zare ƙaya daga kifi da yatsun da ba su iya ba. Kande ta sansana, ta kau da kai, sannan ta ci kaɗan, ba ta gode ba. Tuwon ya huce.