Usur ɗin Ya'u

Ya'u ya tsallako iyakar Jibiya da hantsi, ya gaisa da 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, ya nufi rumfar mai shayi a Magama, inda 'yan sintirin ƙauyuka ke taro. Shi ne mai unguwar wani ɗan ƙauye a ɓangaren Nijar, kuma kaka ta gabato. Ƙauyukan ɓangaren Jibiya sun haɗa kai, in ɓarayin shanu suka taɓa ɗaya sai a busa usur, kowa ya fito. Ƙauyen Ya'u kaɗai aka bari a waje, abin ya hana shi sakat.

Matsalar doka ce. Maharazu, shugaban ƙungiyar, mutum ne mai riƙe doka kamar mai riƙe ƙwai, kuma tun farko an yarda ba a karɓar ƙauyen da ke rikicin ƙasa da ɗan ƙungiya. Ya'u kuwa shekara da shekaru suna ja-in-ja da Isah na Farfaru, wanda ɗan ƙungiyar ne, kan wata fadama, tun da ruwa ya tafi da dutsen iyaka.

Rediyon mai shayi ma kamar da gayya, labarin wata ƙasa yake bayarwa da ƙawancen sojoji ya ƙi karɓa saboda rikicin iyaka. Aka kwashe da dariya, kowa na kallon Ya'u. Shi ma ya yi yaƙe.

Maharazu ya ce hanya ɗaya ce: wani ya bar wa wani fadamar. Ya'u ya ce kakansa ya sare dajin. Isah ya ce kakan Ya'u ɗan ƙodago aka ɗauka. Magana ta koma inda take komawa kullum, har Ya'u ya fara laluben takalminsa.

Sai Isah ya ajiye kofi.

"Fadamag ga tawa ta, har gobe," in ji shi. "To albasata tana ciki, kuma ɓarayi ta arewa suka biyowa. Wa za shi tsare min arewa in ba wanga mai taurin kai ba? A ba shi usur."

Maharazu ya daɗe yana sosa ƙeya. Daga ƙarshe ya sanar cewa ba a karya doka ba, rikicin ne aka jingine sai bayan girbi. Babu wanda ya tambaye shi wane girbin.

Ya'u ya karɓi usur, murna ta cika shi. Ya busa da ƙarfi, har wani ɗan duwan ya leƙo daga shingensu. Aka ce wurin tsaronsa fadamar ce.

"Zan tsare ta da raina," ya ce wa Isah, "tunda tawa ta."

Suka hau babur ɗaya zuwa duba albasar, suna musu har suka ɓace.