Kaurin Yatsa Ɗaya

"Tsaya nan," in ji tsohon. "Na ce ka tsaya."

Mai tasi ya yi kunnen uwar shegu. Takwas saura kwata, asibiti kuwa ba ta jiran kowa. In ka wuce takwas da kwata, sai a ɗora wani a kan injin wankin ƙoda, kai kuma sai wani jiƙon. Wata bakwai ke nan yana kai maƙwabcinsa, tsohon makanike, duk Litinin da Alhamis. Shi ke goya shi daga ɗaki zuwa mota, yana ji yana gani fasinjan safe na wuce shi. Ya gaji, irin gajiyar da ko matarsa yake kunyar faɗa wa.

Auta, 'yar tsohon, ta leƙo daga kujerar baya. "Baba, amai za ka yi?"

"Wane irin amai? Motar nan ce ba lafiya. Kai, me ka yi wa bel ɗin injinta?"

Sati biyu bel ɗin yana tsuwwa kullum safiya, daidai tagar mara lafiya, har Auta ta yi ƙorafi a fakaice. Jiya mai tasi ya ɗauko sifana, ya banƙare altaneta, na'urar cajin batir, iya ƙarfinsa har bel ɗin ya miƙe, ya ɗaure. Tsuwwa ta ɗauke, shi kuwa ya wuni yana jin kansa injiniya.

"Ɗaure shi na yi, Baba. Ba ka ji ya yi shiru ba?"

"Shiru? Kai dai kunnenka na ado ne. Tsuwwa ta tafi, gurnani ya zo. Boris ɗin famfon ruwa kake ci. In ya watse, a titi za mu wuni."

"Baba, don girman Allah ka bar ni in kai ka! Motar ce gaba ko ranka?"

Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so. Kunya ta rufe shi, ya gangara gefen titi, gaban wani shago da ba a buɗe ba tukuna.

Tsohon ya kafe sai an fito da shi. Suka riƙe shi hagu da dama, ya jingina da motar yana haki, mai tasi ya buɗe bonet ya ɗauko sifana. Shekara ashirin yana gyara wa mai tasi mota, shi kuwa gogan duk tsawon lokacin bai taɓa leƙa bonet ba, yana can kan benci yana ba da labarin fasinjoji.

"Sassauta notin. A hankali mana, ba faɗa kuke yi ba."

Tsohon ya ɗora babban yatsansa a kan bel ɗin ya danna. Yatsan ya kumbura, ba ƙarfi, bel ko gezau. Ya daɗe yana kallon hannun nasa.

"Kawo naka," ya ce.

Ya aza tafinsa a bayan hannun mai tasi. Sanyi ƙalau, ba nauyi, kamar hannun jariri.

"Danna tsakiya, inda ya fi tsawo. Ya lotsa kaurin yatsa ɗaya. In ya wuce haka, tsuwwa. In bai kai ba, ka kashe boris. Ka ji a hannunka?"

"Na ji, Baba."

"Ƙarya kake, agogo kake kallo. Sake."

Sau uku suna sassautawa suna ɗaurewa. A na ukun mai tasi ya ji abin da gaske: bel ɗin ya ba shi hanya kaɗan, sannan ya tokare.

"In ya sake kuka, ɗiga masa ruwa. Kukan ya ƙaru, sako-sako ne. Ya ɗauke, fulin da yake juyawa a kai ne ya karkace. Kada ka kuskura ka shafa masa mai."

"Yaya, lokaci fa," Auta ta ce wa mai tasi.

Suka mayar da shi kujera. Mai tasi ya tayar da mota. Tsohon ya karkata kai, ya lumshe ido yana saurare.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu ta faɗi gaskiya."

Mai tasi ya yi gudun da bai taɓa yi da mara lafiya ba, yana kutsawa tsakanin motoci ana zaginsa. Suka shiga ƙofar asibiti da sauran minti huɗu.

"Baba, ka gani? Mun iso!" in ji mai tasi.

Auta ta taɓa kafaɗar mahaifinta. Ta kira shi sau biyu, bai motsa ba. Sai ta toshe baki da gefen mayafinta, ta fara salati a hankali.

Ma'aikata suka fito da keken marasa lafiya, suka duba, suka koma suka turo gado. Auta ta bi su, takalminta ɗaya a ƙafa, ɗaya a cikin mota.

Mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi. "Malam, nan ba wurin tsayawa ba ne. Ka matsa, ko ka kashe ta."

Mai tasi ya gyaɗa kai. Hannunsa na kan makulli, babban yatsan baƙi ƙirin da dauɗar bel. Bai murɗa ba. Ya zauna kawai, ƙofar kujerar tsohon a buɗe, injin yana ta aiki a hankali.