Bindigar Gidan Alim

Tun zamanin Jamus, idan mahajjaci ya dawo Birkitiri, unguwar Hausawa ta Yawunde, gidan Alim ne ke yi masa maraba da ƙarar bindiga. Alim ya zo da ita daga arewa cikin ayarin fatake, mai kamawa da dutsen ƙanƙara ce a lokacin, ana ɗura mata albarushi ta baki. Ɗansa Mahmudu ya sa maƙeri ya cire ƙanƙarar, ya sa mata 'yar hular tagulla mai kamawa da bugu ɗaya. Da Mahmudu ya rasu, rawanin Sarkin Bindiga ya sauka a kan ɗansa Nata'ala, tela ne mai ɗinkin manyan riguna.

Sai dai rasuwar ta zo daidai da shekarun tawaye a daji, sa'ad da hukuma ta hana harbi a cikin Yawunde. Aka naɗe bindigar da buhu, aka sa ta a rufin ɗaki. Shekara fiye da goma Nata'ala yana amsa sunan sarautar, yana ba da tarihin bindigogi a bakin shagonsa, daga mai ƙanƙara har zuwa irin ta sojan Jamus da ta Faransi, alhali yatsansa bai taɓa jan kunama ba. Babu wanda ya san haka, domin babu wanda ya tambaya.

Da ƙasa ta lafa, Sarkin Hausawa ya nemo izinin harbi ɗaya tak, saboda dawowar Goggo Zinariya daga Makka. Ita ce autar Alim, ƙanwar Mahmudu, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga mai bindigar na farko yana ɗurawa. Kafin ta tafi ta ce ba ta son rago, ba ta son kiɗa, muryar bindigar babanta kawai take so ta ji.

Nata'ala ya sauko da ita, ya goge ta da man keken ɗinki. Abin da ya rasa shi ne albarushi, baƙin nan mai kamar garin gawayi, wanda tun hani ya ɓace daga kasuwa. Wani mahauci na unguwar Etudi, mai zuwa farauta, ya ba shi kartush, wato harsashin bindigar zamani, ya ce ai duk gari ne. Nata'ala ya farke su, ya zazzage a kofi. Garin bai yi kama da wanda ya sani ba, sai ya tashi neman wanda zai tambaya.

A kan hanyar masallaci akwai gidan Kofur Yuguda, tsohon soja da ya yi yaƙin Turawa a hamada. Nata'ala ya isa ƙofar, har ya ɗaga murya zai yi sallama. Yuguda na zaune a kan tabarma yana gyaran rediyo, ya ɗago ya ce masa barka da zuwa Sarkin Bindiga, yau kuma wane tarihi za a ba su. Jin sunan nan ya sa ya fasa tambayar da ta kawo shi. Ya duba a ransa, bai taɓa jin ranar da Alim ko Mahmudu suka je ƙofar wani neman sanin bindiga ba. Ya tambayi lafiyar iyali, ya wuce.

Awon albarushi a gidansu sananne ne: a zuba gari, a zura sandar ɗuri, abin da ya yi saura a waje ya kai faɗin yatsa huɗu. Haka ya ga ubansa yana yi, haka ya yi, ya danna tsumma a kai.

Ranar da taksi ya sauke Goggo Zinariya, unguwa ta cika har bakin kwata. Jandarma biyu suna tsaye gefe, su ne shaidar izini. Nata'ala ya fito da rawani da riga mai aska, ya miƙa bindigar nesa da jiki kamar yadda aka saba, ya ja.

Ƙarar ba irin mai nauyin nan ba ce da tsofaffi ke ba da labari. Tsagewa ce. Bakin ƙarfen ya buɗe kamar ɓawon ayaba, guntu ɗaya ya huda kwanon rufin shagonsa, kotar itacen ta rage a hannunsa, jini na bin babban yatsansa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya faɗi. Jandarman suka tattara ƙarafan, suka ce ba za a mayar ba.

Yuguda ne ya ratso taron. Ya sunkuya ya shinshina kotar, ya dubi Nata'ala ido cikin ido, sannan ya juya ga jama'a.

"Ƙarfe ne ya tsufa," in ji shi. "Ko wa ya harba, haka za ta yi."

Mutane suka karɓa, suka shiga yi wa Sarkin Bindiga jaje, ana yaba ƙarfin halinsa. Kowace gaisuwa sai ya ji kamar an ƙara masa dutse a ka. Da Yuguda ya zage shi a gaban kowa, da ya fi masa sauƙi.

Bayan la'asar ya shiga gaishe da Goggo, hannu a ɗaure, kotar a ƙarƙashin riga. Ta ba shi zamzam da dabino, ta sa mata suka fita. Ta ce ita kunnenta ya yi nauyi, ba za ta yi gardamar ƙara ba, amma hancinta lafiya lau.

"Bindigar babana hayaƙi take yi, ɗana, har ba ka ganin wanda ya harba. Warinta kan kwana a zani. Yau ban ga hayaƙi ba. Me ka ba ta?"

Ya buɗe baki, tarihin nan duka da ya saba zubawa bai zo ba. Ya ce, "Garin kartush ne, Goggo."

Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa hannu, ya ɗora mata kotar. Ta shafa wurin da tafin Alim ya cinye itacen, ta tura ta ƙarƙashin matashinta, ta ce ya je a duba masa yatsan kada ɗinki ya gagare shi.

Da ya fito, yara da manya suna ta kiran Sarkin Bindiga. Ya bi ta lungun bayan masallaci, inda ba kowa, ya warware rawanin ya riƙe a hannu har gida.