Karen Nadim Da Rakiyar Baƙi

Shekara saba'in da huɗu nake a duniya, ban taɓa ganin karen da ke cizon mai fita daga gida ba sai da ɗana Nadim ya kawo mini nasa. Karnukan ƙauyenmu na kan dutse mai shigowa suke yi wa haushi, yadda Allah ya halicce su. Wannan kuwa in baƙo ya shigo har takalmi yake lasar masa.

A Beirut Nadim ya raine shi, a bene hawa na shida, ya sa masa suna Fustuk. Da ya samu aiki a Kanada sai ya sauke shi a tsakar gidana, ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, yi mini alkawari ba za ka bayar da shi ba." Na yi. Kowa a garin nan kuma ya san Tanyus Abu Nadim ba ya faɗin magana ya janye.

Limamin cocinmu, Abuna Bulus, shi ya fara ɗanɗanawa. Ya sha gahawa lafiya, karen na kwance a gindin kujerarsa. Da ya tashi tafiya, muna bakin ƙofa, sai kawai na ji ƙyat, rabin rigarsa a bakin Fustuk. Na ce lallai baƙar tufa ce ba ya so. Bayan kwana uku mai matsar zaitun ya zo cikin farar riga, ya koma da ƙauri a ɗaure. Na ce to gashin baki ne. Sai ya ciji surukina, wanda fuskarsa take sumul kamar ƙwai. Na zargi warin taba, na zargi ranar Talata. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mai kawo tukunyar gas, mutumin da ko ruwa ba na cewa ya sha saboda rashin kunyarsa. Shi yana shiga yana fita, Fustuk ko kunne ba ya ɗagawa. Mata kuma, baƙin maiɗakina Wadi'a, babu wadda ya taɓa.

Babu abin da ban gwada ba. Na zane shi da sanda sau ɗaya, ya kalle ni kamar ni ne mai laifin. Na ɗaure shi a gindin ɓaure, ya tsinke igiya. Na sa baƙi su ba shi nama da hannunsu. Ya ci, ya kaɗa jela, da suka tashi tafiya ya cije su.

Ƙafa ta ɗauke daga gidana. Gidan da tun zamanin mahaifina butar gahawa ba ta sanyi, sai ga shi ina zuba kofi ɗaya in sha ni kaɗai. Wadi'a ta ajiye tire a gabana ta ce, "Abu Nadim, saura cizo ɗaya. Ya sake, makiyayin bayan dutse ya tafi da shi. Kai za ka yi wa ɗanka bayani."

Ta fi ni gaskiya.

Ran Asabar da hantsi Abu Shakib ya zo, aminina na shekara hamsin, sanye da takalmin shiga gona har gwiwa.

"Tsohon banza," ya ce daga ƙofa, "kurar taka ta karya kumallo, ko ni ne abin karin?"

"Shigo, matsoraci. Wa zai ci nama mai tauri irin naka?"

Muka zauna a inuwar inabi. Fustuk ya zo ya ɗora kansa a kan takalmin nasa ya yi barci. Abu Shakib ya ce, "Wannan ne ya kori gari? Ƙarya kuke masa." Ni kaina sai da na fara shakkar idona.

Da rana ta take, ƙanshin girkin Wadi'a ya taso, ya miƙe kamar yadda ɗan mutunci yake yi. "To, ni zan gudu."

Na yi wuf na cafke damtsensa. "Wallahi ba ka fita! Abinci na kan wuta ka ce za ka tafi?"

"Sake ni, Tanyus! Ana jirana!"

"Na rantse da kabarin ubana sai ka ci!"

Yana fizga ina ja, muryarmu har titi. Na shaƙo wuyan rigarsa, ya ture ni da kafaɗa. Haka uban kowa ya koya masa: baƙo ya ƙi, maigida ya hana shi tafiya, wanda ya fara sakewa shi ne ƙaramin mutum. Ban ankara ba Fustuk ya miƙe, gashin bayansa a tsaye, haƙora a waje.

"Sake shi!" Wadi'a ce daga tagar kicin. "Tanyus, cire hannunka!"

Na saki, don tsawar ta firgita ni. Karen ya tsaya cak, ya dube ni, ya dubi Abu Shakib, ya zauna.

Ta fito da ludayi a hannu. "Kama shi kuma."

Na kama. Gurnani ya taso. Na saki, ya yi shiru. Sau uku muna yi, Abu Shakib na tsaye kamar itace.

"Faɗa yake gani kuna yi," in ji ta. "Kare ka yake, a ganinsa za a kashe ka."

"Wane irin faɗa? Karamci ne!"

"To je ka gaya masa. A benen Nadim baƙo ya ce zai tafi, sai a buɗe masa ƙofa. Mai gas ka taɓa riƙe shi? Mu mata ka taɓa ganin muna shaƙe juna?"

Wato in na riƙe baƙona, kare ya tafi, alkawarina ya karye. In na ƙyale shi ya fita hannu sake, me ya rage na sunan gidan nan? Na dunƙule hannuwana a baya. Na ce, "To, ka gaida gida."

Abu Shakib ya yi taku uku ya tsaya a ƙofa, yana jiran abin da ya saba. "Na tafi fa."

"Na ji."

"Haka kawai? Shekara hamsin?"

Ya fita, ya dawo, ya sake fita. Can sai ga shi ya shigo fuska a murtuke, ya zauna a kujerarsa, ya cusa hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa. "Zauna," ya ce. "Yi yadda na yi."

Na zauna a kan hannuwana. Fustuk ya kwanta tsakaninmu, ido ɗaya a buɗe.

Abu Shakib ya yi ƙasa da murya kamar mai gulma a coci. "Zan tafi, Tanyus."

Na raɗa masa, "Wallahi ba ka fita."

"Ana jirana."

"Na rantse da kabarin ubana."

Karen ya yi hamma. Muka dubi juna, babu wanda ya san wa ya yi nasara, tunda babu hannun da za a fizge. Wadi'a ta dire tire a gabanmu ta ce ta gaji da kallon tsofaffin mahaukata.

Ran Lahadi Nadim ya kira ta waya mai hoto, na juya ta ya ga karensa. Ya tambayi dalilin da ya sa Abuna Bulus da surukina suke zaune a kan hannuwansu suna raɗa. Na ce masa yaro ba ya tambayar abin da manya ke yi.